Kwanon Bakano

Na yi shekara guda a Magariya a farkon shekarun saba'in, lokacin farin nan da har yau tsofaffi ba sa son a tsawaita zancensa. Ɗalibi nake a lokacin, ina karatun Faransanci a gida Najeriya, kuma ƙa'idar karatun ita ce sai mutum ya je ya zauna shekara guda a ƙasar da ake aiki da harshen. Abokan karatuna masu baki suka yi ta shiga ofis suna fita har aka tura su manyan biranen bakin teku. Ni kuwa ko sallama na kasa yi a ƙofar ofishin. Na zauna ina jiran a kira ni. Da aka kira ni, abin da ya rage ke nan: wata makarantar sakandare a Magariya tana neman wanda zai taya ta koyar da Turanci. Na karɓi takardar da hannu biyu, na ce na gode.

Haka na zama baƙo a ƙasar waje, a garin da mota za ta iya kai ni ƙofar gidanmu na Kano a wuni ɗaya in ba ta lalace ba, garin da kowa ke magana da harshen da uwata ta goya ni da shi. Faransancin da na zo nema yana cikin aji da ofisoshi. Malaman makarantar suna yinsa da junansu da sauri kamar ana korarsu. In na sa baki da nawa na littafi sai su yi murmushi, su juya zuwa Hausa don su rage mini wahala. A kan titi kuwa kowa Mushe yake ce mini, don haka ake kiran malamin boko a can.

Shugaban makarantar ya haɗa ni da wani dattijo mai sayen gyaɗa, wanda yake da shago a jikin zaurensa, ƙofarsa na kallon titi. Dattijon dogo ne, siriri, maganarsa kaɗan. Ya buɗe mini ɗakin, ya ce, "Ɗana, ga gida. Abin da ka rasa ka faɗa." Ban taɓa faɗa ba, shi ma bai ƙara tambaya ba, sai dai in tashi in tarar an cika mini tulu.

Na shirya ɗakin cikin kwana biyu, kuma har na bar garin ban sake wa komai wuri ba. Gadon ƙarfe a kusurwa, tebur a gindin taga, littattafai a jere bisa tsawonsu, rediyo a kan akwati, risho a bayan ƙofa. Wanda bai taɓa zaman kaɗaici a garin da ba nasa ba ba zai gane yadda ƙananan abubuwa ke girma ba. Da safe nakan sayo dogon burodin nan nasu mai ƙarfin ɓawo, in yanka shi uku daidai, in ci ɗaya da shayi, in nannaɗe biyu a takarda. Ranar kasuwa nakan sayi sandar rake, in zauna a bakin ƙofa ina sha ina kallon amalanken jakuna na shigowa daga Kwaya da Sassumburum. Sau biyu a mako nakan taka zuwa gidan waya in tambaya ko ina da wasiƙa, ko da na san ba ni da ita, don kawai ma'aikacin wurin shi kaɗai ne yake haƙurin amsa mini da Faransanci har ƙarshen zance. Ina da wani littafin rubutu mai baƙin bango da nake zuba duk abin da na gani a ciki: sabuwar kalma, sunan wani tsuntsu, ranar da na wanke kaya. Da la'asar nakan kunna rediyo a hankali in kamo Kaduna, ta bayan bango kuma in riƙa jin dakan matan gidan, taɓarya biyu suna karɓa-karɓa. Waɗannan su ne daɗina. Ba su da yawa, amma nawa ne.

Sai dai abin da ya riƙe ni a garin ba ya cikinsu. Ciyayya ce.

Kowace rana bayan sallar magariba, magidantan layinmu su tara sukan zauna a kan tabarmi biyu a ƙofar zauren maigidana, kowane gida ya fito da kwano, a ci tare. Tun mutane suna masallaci ake fito da kwanukan a jera su a gindin bango, kowanne rufe da faifai. In an dawo sai a tarar da su. A janyo ɗaya a buɗe, in ya ƙare a janyo wani. Ba a cewa wannan daga gidan wane ya fito. Kowa ya san akushin kowa, kowa ya san hannun matar kowa a miya, amma ban taɓa jin an ambata ba. Na ɗauka kunyar zancen iyali ce kawai, har na rubuta haka a littafina.

Ranar da na kwana uku a gidan, maigida ya tsaya a ƙofata bayan salla ya ce, "Ɗana, fito. Littafi ba ya taya mutum cin tuwo." Na fito ina jan ƙafa, aka matsa mini, na zama na goma.

A cikin mutanen akwai biyu da ba zan manta ba. Ɗaya tsohon soja ne, mai gurguwar ƙafa da babbar murya, wanda ya yi yawon duniya a rundunar Faransawa ya dawo yana noman lambu. Ɗayan tela ne, gajere, ɗan asalin birnin Damagaram, mai bakin da ya fi almakashinsa kaifi. Tun daren farko da ya ji daga inda na fito ya tafa hannu.

"Bakano! Allah ya kawo mini bawana har gida. Matso, matso, kakanninka ma a hannunmu suka fara ƙoshi."

Na san akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa tun na kakanni, kuma na san ramawa ake yi. Amma ni in aka kalle ni a cikin mutane harshena mutuwa yake. Na sunkuyar da kai ina murmushi.

"Ka rama mana, Mushe!" in ji tsohon soja. "Ka tambaye shi wa ya koya musu ɗinki in ba ku ba."

"Ƙyale shi," in ji tela. "Yana lissafin ko nawa amsar za ta ci masa. Bakano ko zagi ba ya bayarwa kyauta."

Haka muka yi wata da watanni. Kullum sai ya samo sabuwa. Ya ce a Kano da mudu ake auna wa baƙo sallama. Ya ce na zo koyar da Turanci ne don Hausata ta ƙare. Ni kuma in na koma ɗaki sai amsa ta zo mini, mai kyau, mai zafi, in zauna in rubuta ta a ƙarshen littafina in ja mata layi, da niyyar gobe zan faɗa. Gobe ta yi in kasa. Shafukan suka yi ta cika. Duk da haka, wannan sa'ar ta bayan magariba ita nake jira tun daga safe. Nan ne kaɗai a duk ƙasar ake miƙo mini ƙashi a ce in gwada haƙorana, nan ne kaɗai ake dariyata a gabana.

Daminar shekarar ta ɗauke da wuri. Na iso ne a ƙarshenta, ban san yadda gonakin suke a shekarar arziki ba, don haka ban gane abin da nake gani ba sai daga baya. Hatsi bai cika ba, gyaɗa kuwa ba a maganarta. Sikelin maigida ya wuni rataye a zaure har gizo-gizo ya yi masa saƙa. 'Yan uwansa daga ƙauyukan Kwaya suka fara zuwa, wasu su kwana biyu su wuce kudu, wasu su zauna. Ranar kasuwa makiyaya suna jan shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

A kan tabarma ba wanda ya ce komai, amma ni mai ƙirga ne. Mutane tara ne, kwanuka tara. Da sanyi ya wuce suka koma bakwai. Da zafi ya kankama suka koma biyar, mutanen kuwa suna nan su tara, ni na goma. Tuwon gero ya ɓace, aka koma na jar dawar nan ta agaji mai ɗaci-ɗaci, wani lokaci kwaɗon tafasa da ɗan garin rogo. Kowa ya yi loma huɗu ko biyar sai ya siɗe hannu ya ce alhamdulillahi, ya turo mini sauran.

"Ci, ɗana," in ji maigida. "Mu namu cin ya wuce."

Ni kuwa ina da albashi, ina da burodina a takarda. Kowace lomar da na kai baki sai in ji kamar daga bakin wani yaro na cikin gida na fizge ta. Na gwada rage ci, suka lura, suka ƙara turo mini. Na gwada ƙin fitowa, na ce ina duba takardun ɗalibai, maigida ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa har sai da na tashi.

Wata rana, bayan an buɗe kwano na ƙarshe, tela ya kalle ni ya girgiza kai.

"Bakano, wata shida ke nan hannunka na zuwa, kwanonka bai taɓa zuwa ba. Ko 'yan duwan masu duba kaya ne suka riƙe shi a kan iyaka?"

Aka tuntsire da dariya, har maigida ya yi murmushi.

"Ina gwauro ya ga kwano?" in ji tsohon soja. "Ka ba shi ƙanwarka mana, ka ga kwano."

"In ba Bakano ƙanwata? Ya riƙa ƙirga mata ƙwayar gishiri?"

Na yi dariya tare da su. Amma maganar ta bi ni ɗaki ta zauna a kan ƙirjina. Abin da nake gaya wa kaina a ɓoye ne aka faɗa a fili, kuma na manta cewa wanda ya faɗa ɗin abokin wasana ne.

Bayan mako guda sai ga saƙo daga yayana ta hannun wani direban babbar mota: ɗan buhun shinkafa, kwalbar man gyaɗa, da gwangwanayen kifi, da wasiƙa cewa sun ji labarin halin da ake ciki, kada in zauna da yunwa. Na tura buhun ƙarƙashin gado. Na kwana biyu ina tsara abin da zan yi, mataki-mataki, kamar mai shirin jarrabawa. Na je kasuwa na zaɓi sabuwar langa mai murfi, fara mai zanen fure. Na zaɓi ranar Alhamis don ba makaranta. Na rubuta maganar da zan faɗa, na gyara ta sau uku, na haddace.

Ran nan da la'asar na rufe ƙofa don kada a ga namiji yana girki, na kunna risho. Na tsince shinkafar ɗaya-ɗaya. Na soya albasa da tumatir da kifin gwangwani. Ƙamshin ya cika ɗakin, ya fita ta taga, ya haura bango ya shiga cikin gida, amma wannan bai zo mini a rai ba. Na dai lura da abu ɗaya: ban ji daka ba. Tun da na zo gidan ba a taɓa yin la'asar ban ji taɓarya ba sai ran nan. Na lura, har na ce a raina ashe ma na dace da rana.

Da aka kira magariba na yi sallata a ɗaki. Na leƙa na ga titi ba kowa, ga kwanuka huɗu a gindin bango. Baƙin akushin maigida, mai tsagar nan da aka ɗaure da waya, ba ya cikinsu. Tunani ya zo mini in fita yanzu in ajiye langar a cikin jerin in dawo. Har na ɗauke ta. Sai na ce, to ai tela ba zai san ta wane ne ba. Na mayar na ajiye, na jira.

Sai da suka dawo suka zauna, aka janyo kwano na farko, sannan na fito riƙe da langar da hannu biyu. Na ajiye ta a tsakiyar tabarma, dab da gaban maigida. Na buɗe murfin. Na faɗi abin da na haddace ba tare da na tsallake kalma ba.

"Ga kwanon Bakano, 'yan duwan sun sake shi. Yau dai Damagarawa za su san an ci abinci."

Wannan ita ce zolaya ta farko da na taɓa yi a bainar jama'a a rayuwata. Na tsaya ina jiran dariya.

Tururi ya yi ta tashi. Ba wanda ya motsa. Tela ya kalli yatsun ƙafarsa. Maigida ya dubi langar, ya dubi gindin bango inda sauran kwanuka uku suke, sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ba komai.

"Madalla," ya ce. "Bisimilla."

Shi ya fara sa hannu, kamar kullum. Sauran suka biyo. Sun ci, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna: yunwa suke ji, suka ci da sauri, kawunansu a ƙasa, ba wanda ya siɗe hannu bayan loma biyar, ba wanda ya turo mini saura. Da langar ta ƙare wani daga gefe ya ce, "Allah ya saka da alheri, Mushe." Sauran suka ce amin. A wata shida ban taɓa jin an yi wa wani godiya a kan wannan tabarmar ba.

Na koma ɗaki ban gane ba. Na dai san wani abu ya karye, kamar yadda mutum ke jin ƙara a cikin akwatin da ya sauke da ƙarfi.

Washegari kafin magariba maigida ya yi sallama a ƙofata. Yana riƙe da baƙin akushin nan da kansa, a ɗaya hannun kuma langata, an wanke ta tana ƙyalli.

"Mushe, an ce a kawo maka nan. Na ga ayyuka sun yi maka yawa, muna ta katse maka karatu."

Bai taɓa ce mini Mushe ba sai ran nan. Na buɗe faifan bayan ya tafi. Tuwon gero ne, na gaske, malmala biyu manya, irin wanda rabon tabarma da ganinsa tun sanyi.

Haka aka ci gaba kowace rana. Tsakanin ƙofata da tabarmar bai fi taku goma ba. Ina zaune gaban akushi ina jin su suna dawowa daga masallaci, ina jin ƙarar faifai, ina jin muryar tsohon soja. Rana ta biyar na yi ƙarfin hali na fita da kaina na yi sallama. Duk suka amsa. Aka tashi aka ba ni wuri mafi kyau, wani ya shimfiɗa mini buzunsa. Tela ya gyara zama ya ce, "Mushe, ina gajiya? Yaya ɗalibai? Yaya muka ji da zafi?" Na ce lafiya lau. Aka buɗe kwano, kowa ya jira sai na fara. Ban ƙara fita ba.

Tsohon soja ne ya ji tausayina, ko kuma ya gaji da ganina. Wata Alhamis da hantsi na bi ta lambunsa, na tarar da shi yana jan guga daga rijiyar da ruwanta ya koma can ƙasa. Ya ce in zauna. Ya daɗe yana kallona.

"Kai da duk karatun nan naka, ba ka san don me ake jera kwanuka tun muna masallaci ba?"

Na ce na ɗauka don kada abinci ya jira mutane ne.

"Don wanda gidansa bai hura wuta ba ya zo ya zauna ya ci kamar kowa. Shi ke nan. Ni ɗin nan da kake gani na yi kwana goma sha biyu a jere ban fito da kwano ba. Wa ya ce mini kanzil? Ran nan kuwa gidan maigidanka ne ba a ɗora tukunya ba, karo na farko tun da na san shi. Mutum ne da mutum ashirin ke ci a ƙarƙashinsa. Mun gani, duk mun gani, muka kau da kai. Sai ga baƙonsa ya fito daga jikin zaurensa da shinkafa yana shela."

"Baba, ni taimako na yi nufi."

"Na sani. Shi ma ya sani. Amma abin da ka gaya wa unguwa shi ne, mutumin nan ya kasa ci da baƙonsa, har baƙon ya rufe ƙofa yana dafa wa kansa kamar mara kowa, har ya zo ya ciyar da shi a ƙofar gidansa. Mu kuma ka nuna mana yunwarmu a faranti." Ya zuba ruwan gugar a gindin albasa. "Da ka ajiye ta gindin bango ka yi shiru, da kwanon gidansa ce. Da ka ba shi ɗanyar a ɓoye, da tsaraba ce. Hanya biyu a buɗe, ka haura katanga."

"Tela ne ya ce kwanona bai taɓa zuwa ba."

"Tela!" Ya jefar da gugar. "Tela wasa yake da kai, ɗan nan! Wa ake zagi in ba na gida ba? Yanzu ya zage ka in gani."

Sai na tambaye shi abin da ke damuna, daga ina geron da ake yi mini tuwo yake fitowa. Ya ce in bar wannan. Na nace, abin da ban saba ba.

"Damin irinsa ya kwance," ya ce. "Ya rantse ba za a ƙara jin ƙamshin girki daga ɗakin baƙonsa ba."

A ranar, da azahar, lokacin da titi ba kowa, na jawo sauran buhun shinkafar da man da gwangwanayen na kai zaure. Maigida yana zaune shi kaɗai ƙarƙashin sikelinsa. Na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo ta neman gafara, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ga tsaraba daga gida, na yi jinkirin kawowa."

Ya dubi buhun. "An gode, Mushe. Allah ya yi albarka. A gaida su in ka rubuta."

Na koma ɗaki zuciyata ta ɗan yi sanyi. Da magariba sai ga shi da kwano. Na buɗe: shinkafata ce, dafaffiya, da mai da kifi. Washegari ma haka. Na san yawan abin da ke cikin buhun, don na auna shi da kofi ranar da ya zo, na rubuta. Na bi kwanakin ina cirewa. Shinkafar ta kai daidai kwanakin da za ta kai wa mutum ɗaya. Ko ƙwaya ba a ci a gidan ba da sunan kyautata. Abin da kawai na samu shi ne, a waɗannan kwanakin an bar damin irin ya huta.

A cikin kwanakin nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Nakan yi loma huɗu ko biyar, in siɗe hannu, in mayar da faifai, in ajiye kwanon a bakin zaure lokacin da ba kowa, in dawo in ci burodina. Ragowar baƙo ta gida ce, ba mai ganin laifi a wannan. Da safe ba kwano a wurin. Ba wanda ya taɓa ce mini an gode, kuma a duk watanni biyun da suka rage mini, wannan shirun ne kaɗai abin da aka yi mini irin na da.

Sauran abubuwa suna nan yadda suke. Ina yanka burodi uku daidai. Ina zuwa gidan waya. Rake ya ƙare a kasuwa. Rediyo kuwa na koma kunna ta bayan magariba, ina ƙara mata murya kaɗan don kada in ji ƙarar faifai. Littafina mai baƙin bango na daina buɗe ƙarshensa.

Aka yi ruwan farko ana saura kwana kaɗan a rufe makaranta. Maigida ya fita shuka da abin da ya rage masa. Ban san ko nawa ne ba, kuma wannan karon ban ƙirga ba.

Ranar tafiyata na share ɗakin, na naɗe katifa, na bar langar a kan tebur da gangan, da murfinta, ko matan gidan za su amfana da ita bayan na tafi. Maigida ya raka ni tasha, ya karɓi rediyota ya riƙe mini. Hanyarmu ta bi ta gaban rumfar tela. Yana kan keke yana ɗinki. Na tsaya. A cikin jakata akwai shafi goma sha ɗaya na amsoshin da na tanada masa. Ba na neman in faɗi ko ɗaya. So nake ya ɗago kai ya ce Bakano zai gudu bai biya kuɗin iskar da ya shaƙa ba, ko wani abu mai kama da haka, ko da mara daɗi ne.

Ya tsayar da keken, ya miƙe tsaye, ya ba ni hannu biyu.

"Allah ya kai ka lafiya, Mushe. Mun gode da zama. A gaida mutanen gida."

Na ɗan ƙara tsayuwa. Ya koma ya zauna, ya lalubo zarensa.

A tasha na samu wuri a bayan wata babbar mota mai zuwa kudu. Maigida ya miƙo mini rediyo, ya yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin. Direba ya tayar da mota. Sai ya sa hannu cikin babbar rigarsa ya fito da wani abu naɗe a tsumma mai tsabta, ya miƙo mini ta tsakanin katakon motar.

"Mushe, ka manta kwanonka."

Na riƙe langar a cinyata har kan iyaka. A can aka sauke mu ana duba kaya. Ɗan duwan ya kwance tsumman, ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya ga ba komai a ciki, ya miƙo mini ya ce in wuce.